Daga Ruwan Toka Zuwa Soda: Tarihin Sabulu da Abin da Ya Shafi Lafiyar Iyali

Duk wanda ya taso a karkarar gabashin Kano, daga Gaya zuwa Ajingi da garuruwanta irin su Toranke da Balare da Gafasa, ya san kamannin gona bayan kaka. An yanke gero da dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, saura kara. Wani a yi darni da shi, wani a yi rufi, ragowar kuma ya tafi murhu. Abin da yaran yanzu ba su cika sani ba shi ne, tokar da take fitowa daga wannan kara tana da daraja a wurin tsofaffin mata. Da ita ake tace ruwan toka na miya, da irinta marina suke haɗa baba a karofi, kuma da ita ake dafa sabulu. A yau kuwa, macen da take sana'ar sabulu a gida ba ta bi ta kan toka. Soda take saya a leda. Wannan sauyi daga toka zuwa soda ya sa sabulu ya yi araha har ya shiga kowane gida, ya kuma ceci rayukan yara masu yawa, amma ya shigo da wani haɗari cikin ɗaki wanda kakanninmu ba su san irinsa ba. Wanda ya fahimci yadda mai yake rikiɗa ya zama sabulu zai gane inda amfanin yake da inda haɗarin yake, domin tushensu ɗaya ne.

Kafin sabulu ya wadata

Ba kullum mutanen da suke samun sabulu ba, don haka sun nemi abin wanki a daji. Ɓawon aduwa, idan aka daka aka jiƙa, yana kumfa, kuma an daɗe ana wanke tufafi da shi a ƙasashen Sahel. Garin ganyen magarya ma yana kumfa, ana wanka da wankin kai da shi. Waɗannan itatuwa suna ɗauke da wani sinadari na halitta mai kumfa da ake kira safonin. Suna fitar da datti daidai gwargwado, sai dai a ilimin kimiyya ba a kiran su sabulu, domin sabulu na ainihi sai an haɗa mai da wani abu mai kaifi irin na toka.

Hanyar da aka gada a ƙasar Hausa tana da wahala da cin lokaci. Za a tara toka a tukunya mai huji a gindi, wadda aka shimfiɗa wa ciyawa ko tsumma, a zuba ruwa a kai, ya riƙa ɗiga a hankali cikin wata tukunyar. Ruwan da ya taru jaja-jaja ne, mai santsi a yatsa, mai cizon harshe. Sai a ɗora shi a wuta ya yi ta tafasa har ya ƙone ya yi kauri, sannan a zuba man kaɗanya ko kitse ko man gyaɗa, a yi ta tuƙawa da muciya na tsawon sa'o'i har abin ya haɗe ya yi danƙo. A sauke, a bari ya huce, a cura. Irin wannan sabulu baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai laushi, kuma danginsa ne sabulun salo da ake sayarwa a kasuwanninmu har gobe. Yarbawa da mutanen Gana suna yin nasu da tokar ɓawon koko da ɓawon ayaba, su haɗa da man alayyadi, wato man ƙwarar manja.

Dalilin laushinsa sananne ne a yau. Tokar tsirrai tana da sinadarin fotasiyam, kuma duk sabulun da aka yi da fotasiyam laushi gare shi, yana jan danshi daga iska. Sabulu mai tauri, wanda ake yankawa sanda-sanda, sai da sodiyam. A wannan yanki sodiyam yana zuwa ne a cikin kanwa, wadda fatake suka shafe ƙarnoni suna ɗauko ta daga Borno da ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi, suna shigowa da ita ƙasar Kano ta gabas. Kanwa ta shiga girki da magani da kiwo da jima, ta kuma shiga haɗin sabulu. Sai dai toka da kanwa duka kaifinsu mai sauƙi ne idan aka kwatanta da soda, shi ya sa sai an daɗe ana dafawa kafin su ci ƙarfin mai.

Tsohuwar sana'ar duniya

Haɗa mai da toka ya girmi rubutattun tarihohi da yawa. An samu allunan yumɓu a ƙasar Iraki ta yanzu, waɗanda suka haura shekara 4,000, masu bayanin haɗa mai da ruwan toka. Wata takardar likitanci ta Misira da ake kira Ebers, ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta ambaci gauraya mai da gishiri mai kaifi don wanki da maganin fata. Marubucin Rum mai suna Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya rubuta cewa mutanen Gol, wato Faransa ta yau, suna haɗa kitse da toka su shafa a gashi.

A hannun masu sana'a na ƙasashen Larabawa ne sabulu ya zama abin fatauci mai inganci. Garuruwan Halab a Siriya da Nabulus a Falasɗinu sun shahara da sabulun man zaitun mai tauri, kuma har yanzu ana yin sa. Suna ƙona wasu tsirrai na ƙasa mai gishiri, waɗanda tokarsu take da sodiyam, su haɗa ruwan tokar da farar ƙasa da aka ƙona domin ƙara masa kaifi. Wannan toka suna kiranta al-ƙilyu, daga nan ne Turawa suka samo kalmar alkali, sunan da suke ba duk dangin toka da kanwa da soda. Ba ta da alaƙa da alƙalin kotu. Ita ma kalmarmu ta sabulu daga Larabci ta zo, inda suke cewa sabun.

Duk tsawon waɗannan shekaru ana yin sabulu ne da gwaninta da gado. Mai dafawa yakan ɗanɗana da harshe ko ya duba yadda tukunya take tafasa, amma babu wanda ya san ainihin abin da yake faruwa a ciki.

Abin da yake faruwa a tukunya

A 1779 wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Carl Scheele, ya dafa man zaitun da wani sinadarin dalma, ya ga wani ruwa mai kauri da zaƙi ya ware. Wannan ruwa shi ne gilisarin, wanda a yau ake sa wa a man shafawa da maganin tari. Wanda ya warware zancen gaba ɗaya shi ne Bafaranshe Michel Chevreul. Ya shafe kusan shekara goma yana binciken kitse da mai, kuma a 1823 ya wallafa littafin da ya bayyana sakamakon.

Ga abin da aka gano, a taƙaice. Kowace ƙwayar mai, ko ta gyaɗa ce ko ta kaɗanya ko ta kitsen sa, tana da sassa huɗu: gilisarin guda ɗaya, da wasu dogayen sinadarai uku da suke ɗaure a jikinsa, waɗanda ake kira asid na mai. Idan ruwan toka ko soda ya haɗu da mai, sai ya tsinka waɗannan ɗauri uku. Gilisarin ya koma gefe shi kaɗai, kowane asid kuma ya kama sodiyam ko fotasiyam ɗaya. Asid na mai da ya kama sodiyam ko fotasiyam shi ne sabulu. Ke nan ƙwayar mai ɗaya tana cinye ƙwayar soda uku, ta ba da ƙwayar sabulu uku da gilisarin ɗaya. Idan awo ya yi daidai, soda ta ƙare, man ma ya ƙare, sai sabon abu wanda ba ya ƙuna kamar soda, ba ya maiƙo kamar mai.

Yadda sabulu yake wanke datti ya samo asali daga wannan siffa tasa. Ƙwayar sabulu tana da kai da jela. Jelar, da yake daga mai ta fito, maiƙo take bi. Kan kuwa, inda sodiyam ko fotasiyam yake, ruwa yake bi. Idan aka cuɗa hannu da sabulu, jeloli sukan nutse cikin maiƙon da datti da ƙwayoyin cuta suka maƙale a ciki, kawuna kuma su fuskanci ruwa, sai maiƙon ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo da ruwa zai iya kwashewa. Wasu ƙwayoyin cuta, kamar na mura da korona, rigarsu ta maiƙo ce, sabulu yana yaga ta. Wannan aiki yana buƙatar lokaci, shi ya sa ake cewa a cuɗa na aƙalla daƙiƙa 20 kafin a ɗauraye. Ruwan rijiya mai zartsi kuwa yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam, waɗanda suke kama sabulu su mai da shi farin gudaji, shi ya sa ba ya kumfa a irin wannan ruwa sai an zuba da yawa.

Zamanin soda da gyaɗar Kano

Matsalar masu sabulu a Turai ita ce ƙarancin toka, domin dazuzzuka ba za su ishi buƙata ba. A 1791 Nicolas Leblanc na Faransa ya samu hanyar fitar da soda daga gishirin miya. A shekarun 1860 Ernest Solvay na Beljiyam ya kawo hanyar da ta fi wannan araha da tsabta. Daga baya aka iya ratsa ruwan gishiri da lantarki a samu soda mai tsananin kaifi kai tsaye, wadda ake kira kostik soda, kuma ita ce fararen ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwa yau. A 1853 Ingila ta soke harajin da ta daɗe tana ɗora wa sabulu, talaka ya fara iya saye.

Da soda ta wadata, sai mai ya zama abin nema, kuma a nan ne tarihin ya biyo ta ƙofarmu. William Lever, ɗan kasuwar Ingila da ya fito da sabulun Sunlight a tsakiyar shekarun 1880, ya dogara ga man tsirrai, musamman manja da man alayyadi na Afirka ta Yamma. A farkon shekarun 1900 Bajamushe Wilhelm Normann ya gano yadda ake daskarar da man ruwa ya yi tauri, sai man gyaɗa ya samu babbar kasuwa a masana'antun bota da sabulu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga, amma manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta. Ƙasa mai jigawa irin ta gabashin Kano tana karɓar gyaɗa, kuma daga irin waɗannan gonaki aka tara dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita. A 1920 kamfanin Lever ya sayi Kamfanin Neja, wanda yake cikin manyan masu sayen gyaɗa a Arewa. A 1923 aka kafa reshen Lever na Afirka ta Yamma, wanda ya gina masana'antar sabulu a Apapa ta Legas, a 1948 kuma kamfanin PZ ya shiga yin sabulu a Aba.

Haka sabulun kanti ya mamaye kasuwa, tukunyar toka ta ja baya. Amma sana'ar gida ba ta mutu ba, kayan aikinta ne suka sauya. A yau ana koya wa mata haɗa sabulun soda da sabulun ruwa a tarurrukan koyon sana'a, kuma da yawa suna ciyar da 'ya'yansu da ita. Aikin da yake cin yini guda a bakin murhu, soda tana fara shi cikin mintuna ba tare da wuta ba.

Abin da sabulu ya yi wa lafiya

A 1847 likita Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitocin wani asibitin haihuwa a birnin Biyana wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu jego, mace-macen zazzaɓin jego ya faɗi ƙasa ƙwarai. Tun daga nan aka yi ta tara hujja a kan wanke hannu. Wani bincike da aka yi a unguwannin talakawa na Karachi a Pakistan, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2005, ya nuna cewa a gidajen da aka ba sabulu aka kuma ƙarfafa musu wanke hannu, gudawar yara da ciwon huhu na 'yan ƙasa da shekara biyar sun ragu da kimanin rabi. Binciken ya kuma nuna cewa sabulu na gama-gari ya yi aiki daidai da wanda aka sa wa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan albishir ne ga mai ƙaramin ƙarfi: ba sai an sayi mai tsada ba. Abin da ake buƙata shi ne a wanke bayan fitowa daga bayan gida, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki, kafin cin abinci, da kafin ciyar da yaro. A lokacin damina, sa'ad da ambaliya take gurɓata rijiyoyi kuma amai da gudawa yake yaɗuwa, wannan ɗabi'a tana iya raba gida da makoki.

Inda awo ya kuskure

Tunda kowace ƙwayar mai soda uku kawai take iya cinyewa, duk sodar da ta yi rara tana nan a cikin sabulu da kaifinta. Kuma kowane mai da nasa awon. Kilo ɗaya na man gyaɗa yana buƙatar kimanin giram 135 na soda, kilo ɗaya na man alayyadi kuwa kimanin giram 170. Macen da aka koya wa awo da man alayyadi, idan ya yi tsada ta koma man gyaɗa ba ta rage soda ba, za ta bar rarar kusan giram 35 a kowane kilo. Irin wannan sabulu ne yake zazzage hannun mai wanki, ya tsattsaga fata, ya cinye tufafi. Awo da gwangwani ko murfin roba ba ya hana wannan kuskure. Sikeli ake buƙata. Masu sanin aikin sukan bar ɗan rarar mai da gangan, sannan su ajiye sabulun mako huɗu zuwa shida ya bushe ya yi laushin kaifi kafin a sayar.

Wajen haɗawa ma akwai ƙa'ida. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, domin haɗuwarsu tana ta da zafi mai tsanani, ruwan yana iya fantsama. A yi a fili inda iska take kaɗawa, da safar hannu da tabarau. Kada a yi amfani da tukunya ko kwanon alminiyam, soda tana cin sa tana fitar da iska mai kama wuta.

Babban abin tsoro shi ne yara. Ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha, ba ya wari, ƙwayoyinta kuma suna kama da sukari ko gishiri. Likitocin yara a Afirka ta Yamma sun daɗe suna rubutu a kan yaran da suka sha ruwan sodar da aka ajiye a kofi ko robar ruwa a gidajen da ake sana'ar sabulu. Abin da soda take yi wa mai a tukunya, shi take yi wa jikin mutum: tana narkar da maiƙo da naman da ta taɓa, ta yi ta nutsawa ciki. Kurɓa ɗaya tana iya ƙona baki da maƙogwaro da hanyar abinci. Bayan makonni, idan ƙunar ta warke, tabo yakan tsuke hanyar, yaro ya kasa haɗiyar tuwo, daga baya ya kasa haɗiyar koko, ya rame. Maganinsa sai an yi ta buɗa hanyar a asibiti sau da yawa, wani lokaci sai babbar tiyata. Ruwan tokar da ma yana da kaifi, bai kamata yaro ya taɓa shi ba, amma sodar kasuwa ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Idan tsautsayi ya auku, ga abin da iyaye za su riƙe. Kada a sa yaro amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi. Kada a ɗura masa manja ko madara ko wani jiƙo, kada kuma a ba shi lemon tsami ko ruwan tsamiya da nufin karya kaifin, haɗuwarsu tana ƙara zafi. A kurkure masa baki, a cire tufafin da suka jiƙe, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya sha. Ko ba a ga ƙuna a baki ba, hanyar abinci tana iya ƙonewa, don haka kada a zauna jiran alama. Asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gaya, zai fara dubawa, idan da buƙata a tura shi manyan asibitocin Kano irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan a ido ko fata ta zuba, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 kafin a kama hanya. Rigakafin kuwa mai sauƙi ne: a ajiye soda a mazubi mai murfi da alama, a kulle a inda yaro ba ya kaiwa, kada a taɓa jiƙa ta a kofi ko kwalbar abin sha, kada kuma a jiƙa a bari a tsakar gida a tafi wani aiki.

Fata da zaɓin sabulu

Masana suna auna tsami da kaifi da ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsakiya. Fatar mutum tana wajen 5, sabulu mai kyau yana tsakanin 9 da 10, ruwan soda kuwa yana kai 14. Ke nan ko sabulu mai kyau yana ɗauke wa fata ɗan maiƙonta, shi ya sa take bushewa, musamman da hunturu. Mai kirci ko bushewar fata, da tsoho, da jariri, su nemi sabulu mai laushi marar turare da yawa, su ɗauraye sosai, su shafa mai nan take. Sabulun soda na wanki ne, kada a yi wa jariri wanka da shi. Sabulun salo da aka dafa da kyau yana riƙe da gilisarinsa, amma shi ma idan toka ta yi masa yawa yana cizo, kuma kayan da ake kwaɓa masa don hasken fata sukan ɓata shi. A guji sabulun bilicin, domin an sha samun sinadarin makuri a cikin irinsu, wanda yake lalata ƙoda, kuma hukumar NAFDAC ta hana shi a kayan shafa. Ƙazuwa da makero kuwa ba sa warkewa da sabulu kaɗai, suna da nasu maganin a asibiti.

Tsohuwar da take tuƙa sabulun toka a bayan ɗaki ba ta san sunan Chevreul ba, amma ta san cewa idan ruwan toka ya rinjayi mai, sabulun zai ciji fata, don haka ba ta sauke tukunya sai ta tabbatar. Jikarta da take aiki da soda tana riƙe da abin da ya fi na kakarta ƙarfi sau da yawa, saboda haka buƙatarta ga awo da kulawa ta fi ta kakar. Sikeli, da murfi, da makulli, da haƙurin mako shida, su ne abin da zamanin soda yake nema daga mai sana'a. Sauran mutanen gida kuma nasu aikin shi ne su ajiye sabulu kusa da buta, su koya wa yara cuɗa hannu kafin su sa shi a kwano.